Takalmin Ƙarfen Mami

Litinin, bakwai da rabi na safe

Yau ma Mami ba ta je makaranta ba. Kwana na uku ke nan, ban da Asabar da Lahadi. Na goge babur, na tayar da shi, na tsaya a ƙofar gida kamar kullum har injin ya yi zafi. Uwarta ce ta leƙo ta ce in tafi abina.

Shekarar Mami goma sha biyar, ita ce babba a ’ya’yana. Shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tana shekara biyu, tun tana shekara huɗu da takalmin ƙarfe take tafiya, daga cinya zuwa diddige, da sanda guda. Ko zazzaɓi take yi sai an yi rigima da ita kafin ta yarda ta zauna a gida. Yanzu ga kayan makarantarta a goge, a rataye bayan ƙofa, ko kallonsu ba ta yi.

A bayan littafin da nake jera kayan aiki nake wannan rubutun. Ni mai nemo kayan fim ne. Idan Darakta ya ce yana son ɗakin talaka, ni ke nemo tsohuwar katifa da bokiti mai faci. Shekara goma sha ɗaya muna tare da shi. Mutum ne mai kirki, in dai ba a wurin aiki ba.

Talata, ƙarfe biyu na rana, wurin aiki

Hutun cin abinci. Tun safe muke fama da tsuntsu.

Fim ɗin da muke yi labarin wata yarinya ce mai ciwon ƙafa. Jarumar da ke fitowa a matsayinta shekararta ashirin da biyu, ƙafafunta lafiya ƙalau, da an ce a tsaya sai ta miƙe ta tafi neman wayarta da gudu. Darakta ya ce fim ba da baki yake magana ba, da alama yake magana. Saboda haka na sayo kanari a keji, shi ne ran yarinyar. Na nemo agogon bango na cire masa batir, wai lokaci ya tsaya wa gidan tun ranar da ta kwanta ciwo. Na tsaga madubi uku kafin a samu tsagin da ya yi masa. Taga kuma dole mai sandunan ƙarfe, ita jarumar tana zaune a bayanta tana kallon yara suna wasa.

Kanarin ya ƙi yin baƙin ciki. Da an kunna fitila sai ya kama waƙa yana tsalle. Sau goma sha huɗu aka ɗauka. Mai ɗaukar hoto ya ce a sa wa tsuntsun albasa a ido kamar yadda ake yi wa jaruma, kowa ya yi dariya. Ni ma na buɗe baki, amma babu abin da ya fito.

Laraba, shida na yamma

Mako guda cif. Ta ci abinci a ɗaki.

Alhamis, bakwai na safe

Gara in rubuta maganar takalmin, tunda kullum ina zagaye ta.

Wata uku da suka wuce Darakta ya ce in nemo takalmin ƙarfe irin na masu shan inna. Na zaga ban samu mai kyau ba, na kuwa san akwai ɗaya a saman kwabarmu a cikin leda, wanda ya yi wa Mami kaɗan tana shekara goma sha biyu. Ta yi masa zanen furanni da jan farce a gefen ƙarfen, ƙanana, har guda tara. Duk ’yan ajinsu sun san shi. Na hau kujera na sauko da shi wata safiya, ita tana wanka, uwarta tana kicin. Na ce a raina ai ba amfaninsa ake yi ba. Mai walda ya ƙara masa tsawo, ya shiga ƙafar jaruma.

Darakta da ya ga furannin har rungume ni ya yi. Ya ce wannan ita ce alamar da yake nema, kyau a jikin ƙarfe. Aka ɗauke shi kusa-kusa, ya cika allo.

An saki tallan fim ɗin ranar Talatar makon jiya, alhali ba a ma gama ɗauka ba. Kafin gari ya waye yana cikin wayar kowa. Washegari Laraba aka kira uwarta daga makaranta.

Ba takalmin ne kaɗai ba. Amma na makara, sai wani lokaci.

Juma’a, ƙarfe biyar na yamma

Na je makarantar. Ofishin shugabar yana hawa na biyu, na ƙirga matakala ashirin da biyu, ban taɓa lura ba sai yau. Ajin su Mami yana gaba da shi.

Shugabar ta ba ni kujera ta ba ni ruwa. Ta gaya min abin da ya faru a layin shiga aji, tun daga farko, da yadda yaran suka jeru a bayanta, da abin da suke maimaitawa. Ba zan rubuta shi ba. Ta ce ba a kori Mami ba, duk ranar da ta ga dama ta dawo. Ta ce yarinyar da Mami ta buga wa sanda har aka kai ta asibiti, ɗinki biyu kawai aka yi mata a goshi, kuma uban ya sauko daga fushin da ya yi da ya ji yadda aka fara. Sai ta jawo sandar Mami daga bayan kwaba ta miƙo min. Ta lanƙwashe daga tsakiya.

Da zan fita ta ce ita ma ta ga tallan, an yi ƙoƙari. Na ce na gode. Ban san me ya sa na ce na gode ba.

Na ɗaura sandar a bayan babur, na bi ta wurin mai walda. Ya ce irin wannan idan ta lanƙwashe ba ta miƙewa, a sayi sabuwa.

Asabar, sha ɗaya na safe

Na sayo sabuwar sanda, na jingine a ƙofar ɗakinta, na ƙwanƙwasa. Ta ce ta ji.

Lahadi, bayan abincin rana

Matata tela ce, kekenta yana falo kusa da taga. Tun da abin nan ya faru ba ta ɗaga min murya ba, da ma ba halinta ba ne. Sai dai keken ya fi da gudu idan na shigo.

Yau ta tsayar da shi. Ba ta juyo ba, tana zare zare daga allura ta ce takalmi ƙarfe ne, da tambaya na yi wataƙila ma a ba ni. Sai ta ce, “Baban Mami, maganar asibitin nan, wa ya gaya wa Darakta?”



Ta ce ita da ta haife ta ba ta taɓa jin wannan maganar ba sai a wayar maƙwabciya, daga bakin wata ’yar fim mai hoda a fuska. Ta ce da ta ji, a take ta gane muryar ’yarta ce a cikin kalmomin, don babu marubucin da zai ƙirƙiro su haka. Ta mayar da ƙafa kan keke ta ci gaba.

Ga yadda aka yi. Shekara uku da suka wuce, bayan aiki na biyu da aka yi wa ƙafar, ni ne na zauna da ita a asibiti. Ranar da aka sallame mu na goyo ta zuwa mota, ta sa baki a kunnena ta ce wata magana. Gajeriya ce, tambaya ce, game da ko da mun huta in da an bar ta a can. Na ce mata kada ta ƙara. Ba ta ƙara ba. Ban gaya wa uwarta ba, ban gaya wa kowa ba, har ranar da muna shan shayi da Darakta yana kukan labarinsa ba shi da rai. Ni kuma ina so in nuna masa na san abin da marubucinsa bai sani ba. Na ga ya jawo biro, na kuma ci gaba da magana.

Da wannan tambayar tallan yake buɗewa.

Litinin, bakwai da kwata na safe

Na tayar da babur. Na kashe. Na sake tayarwa na tafi.

Talata, uku na rana

Na sami Darakta shi kaɗai a mota yana cin burodi. Na ce ina so a cire maganar asibiti daga fim, kuma a ba ni takalmin. Ya ajiye burodin. Ya tambayi lafiyar Mami, kuma na san har zuciyarsa yake tambaya, shi ya kai mu asibiti da motarsa lokacin aikin farko.

Amma ya ce ba don yarinya ɗaya ake fim ɗin ba, don dubbai ne irinta da ake ɓoyewa a ɗaki. Ya ce mutane za su yi kuka, wanda ya yi kuka kuma zai canza. Takalmi kuwa saura fitowa ɗaya, ta ƙarshe, a bakin kogi. Yarinyar za ta kwance shi ta jefa a ruwa, ta ruga a guje cikin ciyawa, a saki kanarin ya tashi sama. Ya ce alamar ’yanci ke nan, ba wai ta warke ba, mafarki ne. Yana bayani yana zana shi a iska da hannu, har idonsa ya kawo ruwa.

Na ce to. Shekara goma sha ɗaya ina ce masa to, bakina ya saba.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Kanarin ya mutu. Zafin fitila, in ji mai ɗaukar hoto. An aike ni nemo wani mai kama da shi. Na gaji.

Alhamis, shida da rabi na yamma

Na dawo na tarar da Mami a tsakar gida tana wanke safarta ta cikin takalmi. Ta rame. Na zauna a kan bokiti nesa kaɗan, na ce mata na yi kuskure, na fara jero yadda aka yi. Ta bar ni na yi ta magana har na rasa abin cewa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta matse safar ta shanya, ta ce tana so ta ga fim ɗin. Duka, ba talla ba.

Na ce ba a gama haɗawa ba. Ta ce abin da aka haɗa.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yau doguwa ce, bari in bi ta a hankali.

Ɗakin haɗa hoto ƙarami ne, ba taga, allo biyu da fanka mai ƙara. Editarmu mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta tashi ta ba Mami kujerarta mai taya. Darakta ya zo da lemo da biskit, ya zauna a gefe yana murza hannu. Ni na tsaya a jikin ƙofa.

Awa ɗaya da minti goma Mami ba ta motsa ba. Ni bayan kanta kawai nake gani. Darakta ya kasa haƙuri, yana ta raɗa mata ma’anar abubuwa, tsuntsun kaza ne, agogon kaza ne, uban yarinyar fim ɗin kuma kullum ta baya ake ɗaukarsa don ya kasa fuskantar ’yarsa. Da aka zo wurin asibiti na kalli ƙasa. Editar ta rage sauti da kanta, ba wanda ya ce ta yi.

Da ya ƙare, Darakta ya tambaye ta yaya ta gani.

Ta ce, “Kawu, wannan yarinyar ba ta da ƙawa ne? Ba ta gulma? Ba a aikenta? Kullum tana taga. Ni da zan zauna a taga haka, da Mama ta miƙo min wanke-wanke.”

Editar ta rufe baki da gyale. Darakta ya yi murmushin yaƙe, ya ce ai alama ce. Sai ya ɗauko zanen fitowar ƙarshe ya nuna mata, kogin da ciyawar da gudun. Mami ta daɗe tana kallo. Ta ce idan ta cire takalminta ko banɗaki ba ta iya kaiwa sai da rarrafe. Ta ce ranar da aka fara sa mata shi tana shekara huɗu, ranar ce ta fara fita ƙofar gida ita kaɗai, uwarta ta bi ta tana kuka. Ta ce ita ba ta taɓa mafarkin jefa shi a ruwa ba, mafarkinta a samu mai sauƙin nauyi wanda ba ya cin wando.

Darakta ya naɗe zanen. 

Sai ta ce a cire maganar asibiti. Ya fara bayanin nan na dubban yara, a hankali, cikin ladabi. Ta jira ya kai aya.

Ta ce, “Ba kai na gaya wa ba.”

Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Da ma ta kalle ni.

A hanyar gida ta riƙe ƙarfen bayan babur maimakon rigata. A wurin mai sayar da rake ta ce in tsaya, na tsaya, ta zaɓi nata, na biya. 

Lahadi, tara na safe

Matata ta ce jiya Mami ta ci abinci a falo bayan na fita. Har ta kwaikwayi Darakta yana bayanin agogo, ƙannenta suna ta birgima. Ni ban gani ba.

Litinin, huɗu na yamma

Editar ta kira ni. Darakta ya ce a cire maganar asibiti daga fim. An cire, ta ce wurin ya ɗan yi tsalle amma ba mai lura. Tallan kuwa ya riga ya fita, yana hannun mutane, babu mai iya dawo da shi. Gudun bakin kogi yana nan, masu rarraba fim ɗin sun ce shi ne zai sayar da shi. Ta ce Darakta ya ƙara wata ’yar fitowa, yarinyar tana faɗa da ƙanwarta a kan madubi. Minti ɗaya ne. Ta ce in gaya wa Mami. Na ce ta gaya mata da kanta, na ba ta lambar uwarta.

Talata, bakwai na yamma

Na buɗe akwatin kayan aiki na ɗauko takalmin ban tambayi kowa ba, kamar yadda na kawo shi. Na kai wa mai walda ya ƙera min wani da rodi da tsohon bel, ba fure ko ɗaya. Da Darakta ya gani ya kalle ni ya kalli takalmin, ya ce furannin fa. Na ce babu. Na jira faɗa. Ya juya ya ce wa mai ɗaukar hoto a ɗauka daga nesa.

Bai ƙara yi min magana ba har aka tashi. Ban sani ba ko zai kira ni a fim na gaba. Na duba raina in ga ko na damu, na tarar gajiya ta fi damuwar yawa.

Laraba, biyar na yamma, bakin kogi

An gama. Sau shida jarumar ta jefa takalmin, sau shida na shiga ruwa har ƙugu na tsamo shi. Ta yi gudu da kyau. Sabon kanarin da aka buɗe masa keji ya ƙi fita, sai da aka girgiza. Ma’aikata sun tafa. Wandona bai bushe ba.

Alhamis, takwas na safe

Na kai wa Mami takalminta a cikin ledarsa. Ta zaro shi, ta shafa wurin da aka yi walda, ta ƙirga furannin, saura bakwai, wuta ta cinye biyu. Ta ce ba ta so ya koma saman kwaba, duk gari ya gan shi. Ta ce a kai wa mai gyaran takalma na asibiti, yakan rage su ya sa wa yaran da iyayensu ba su da hali. Na ce zan kai. Ta ce a’a, ita da Mama za su kai.

Na miƙe zan fita, ta ce, “Abba.” Rabon da ta kira ni haka tun Larabar da aka kira uwarta daga makaranta.

Ta ce idan na ƙara ba wani labarinta, ko Darakta ne, ko mai shayi, ko wa, ba za ta sake gaya min komai ba har ta mutu. Ba da fushi ta faɗa ba, kamar tana karanta min jadawalin makaranta. Na ce na ji. Ta ce ba ji take so ba. Na ce na yi alkawari. Ta ce za ta gani.

Asabar, sha biyu na rana

Sun je asibitin sun dawo. Keken ɗinki yana tafiya a hankali yau. Na yi barci da rana, abin da rabona da shi har na manta.

Litinin, tara na safe

Ban tayar da babur da wuri ba, na zauna ina shan shayi. Sai na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, ta fito cikin kayan makaranta, jaka a baya, tana cewa za mu makara. Uwarta ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta yi min ido kada in ce komai. Ban ce ba.

A kwanar da ke kafin makaranta ta ce in sauke ta. Na ce da saura tafiya. Ta ce ta sani. Na sauke ta, na miƙa mata sanda. Akwai ’yan mata uku a bakin ƙofa, ɗaya da filasta a goshi. Mami ta gyara jakarta, ta ce kada in tsaya ina kallo kamar mutumin fim.

Na ɗan tsaya duk da haka. Na ga yadda ta isa ƙofar, na ga abin da ya faru da ta isa, na kuma ɗauko biro yanzu da niyyar rubuta shi. Na fasa. Idan ta dawo ta ga dama ta gaya min, to. Ƙarfe biyu ake tashinsu, zan je da wuri in jira a kwanar.